Gawon Baƙuwa

A gonarmu ta hanyar Tsauni kowane gawo da mai shi. In aka haifi namiji a gidanmu, lokacin sassabe Baba yakan zaɓi toho mafi ƙarfi a kan kututture, ya sare sauran, ya ɗaura masa jan tsumma ya ce na wane ne. Yayyena duk suna da nasu, har autanmu. Ni ko sabara ban samu ba. Na taɓa tambaya ina ƙarama, ya ce mace ta gidan wani ce, itace kuwa ba ya bin amarya.

Maganar nan ce ta kai ni jami'a a Damagaram, karatun kiyaye ƙasa da itatuwa. Na ce a raina, in na dawo da lisansi, wato digiri, a kan gawon nan nasa, ai dole ya ɗaura mini tsumma.

A shekarar ƙarshe aka tura mu istaj, wato aikin gwaji a gonaki. Sai ƙawata ta aji, ɗiyar wani Alhaji mai kantuna, ta ce za ta biyo ni garinmu Matameye. Yarinyar da ba ta san gero da dawa ba sai a kwano! Na ce bismilla, don dai ba a hana baƙo.

Ashe na jawo wa kaina. Ranar farko ta durƙusa har ƙasa ta gai da Baba, ta ce, "Baba, me ya sa gawo ke zubar da ganye da damina?" Tambayar da muka amsa a jarrabawa tun ajin farko, har ta kwafa a takardata! Baba ya jingine gatari ya shiga bayani, ita kuma sai "Ikon Allah!" take kamar yau ta fara ji. Mutumin da ba ya ce mini komai a gona sai "miƙo ruwa", ga shi yana dariya har ana ganin giɓinsa. Wallahi kishi ya cika ni fal. Ina can ina auna kaurin itatuwa da igiya, rana na dukana, su suna inuwa suna cin ɗanyar gyaɗa.

Ana gobe za ta koma birni muka je gona da safe. Akwai wani kututture kusa da iyaka da na daɗe da sa wa ido, na share masa ciyawa da hannuna, na bar masa toho ɗaya miƙaƙƙe. Na ga Baba ya nufe shi, ya zaro jan tsumma daga aljihu. Har na gyara mayafi.

"Zo nan, ɗiyata," in ji shi. Na ɗaga ƙafa, sai na ga ba ni yake kallo ba.

Ya ɗaura mata tsumman, ita ta yi ta tsalle tana ɗaukar hoto da waya. A hanyar gida na kasa haƙuri, na ce, "Baba, ni fa?"

"Haba, ke ma? Baƙuwa ce, sai an ba ta abin da zai dawo da ita. Ke ai ta gida ce."

Na ce, "Da ka ce ni ta gidan wani ce." Ya yi kamar bai ji ba, ya kora jakinsa gaba.

Ƙawar tawa ba ta dawo ba. Ta yi aure a Yamai, sai gaisuwar salla ta waya. Baba ya rasu, yayyena suna ci-rani a Kano, ni da ke aiki a nan Kance ni ke zuwa sassabe duk bazara. Gawon nata ya fi na kowa tsawo, don ni ke gyara masa rassa, kuma har yau in na tsaya a gindinsa sai na ji haushinta.

Bana na je da ɗiyata. Ta rungume shi ta ce, "Inna, wannan ne naki?"

Jan tsumma na ɗaure a bakin zanena, tun daga gida na taho da shi. Na ce, "A'a, na baƙuwa ne. Taho mu nemo naki."