Yaya Idrisu da Ƙananan Ƙafafun Kekena

Shekara biyar ke nan da muka rasa Yaya Idrisu. Ya rasu kafin yaƙi, kuma wani lokaci nakan ce Allah ya hutar da shi, domin bai ga Gadarif ta cika ta batse da mutanen Khartoum da na Jazira suna kwana a makarantu ba. Ni ƙanwarsa ce. Shan inna ya kama ni tun ina yarinya, a keken guragu nake rayuwa, ɗinki ne sana'ata. Shi kuwa gyaran kekuna yake yi a bakin kasuwa, nawa kaɗai yake biyowa gida ya gyara.

Wanda bai taɓa zama a irin kekena ba, manyan ƙafafun yake kallo. Mu ƙananan nan biyu na gaba muke tsoro. A cikin kowace akwai boris guda biyu, wanda a nan muke kira bili, da ɗan bututu a tsakaninsu. Idan lakar damina ta shiga, zaren ɗinki ya nannaɗe, sai ƙafa ta fara kuka, daga nan ta ƙage. Yaya yakan zauna yana zaro zaren da allura yana yi mini tsiya: "Ke Zainabu, wallahi keken nan ya fi ki cin zare. Rabin shagonki na nan ciki."

Boris na kirki yana da lamba a jikinsa, ka faɗa wa mai kayan gyara ya miƙo maka. Nawa ba su da ko ɗigo. Keken taimako ne, babu wanda ya san ƙasar da aka ƙera shi. Wannan bai taɓa damun Yaya ba. Sai ya ɗauki sabulun wanki, ya danna boris a kwance, faɗinsa da ramin tsakiyarsa su fito, ya sake danna shi a tsaye, kaurinsa ya fito. Sabulun yake bai wa direban lori ya nemo daidai da shi a Khartoum, tsohon kuma ya wanke da kananzir, ya sa giris, ya mayar kafin sabo ya iso. Kuma bai taɓa sauke ni ba. Bulo yake karawa a ƙarƙashin keken, ya cire ƙafa ɗaya ina zaune a kai ina ɗinkin hannu. A lokacin ban ɗauki wannan a bakin komai ba.

Bana ne na san abin da na rasa. An sa auren 'yarsa Sa'adiyya bayan girbin dawa, kuma a dangin uba ni kaɗai na rage da zan raka ta ɗakinta. Na yi wa kaina alkawari ba za a shiga da ni gidan nan a ciccibe kamar buhu ba. Ana cikin shiri ƙafar dama ta ƙage.

Mai gyaran da aka kai wa keken ya ce a bar shi, bukra a dawo. Goben nan tasa sai da ta ci fiye da mako. Ina kan tabarma, ban ɗaki ma da jan gindi nake zuwa, a shekaruna. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Da keken ya dawo, ashe wani boris mai kama da nawa ya samu ya buga da guduma, ya yar da tsofaffin, ya yar da ɗan bututun yana zaton tarkace ne. Bambancin bai wuce silin gashi ba, amma ya isa. Kafin wata ya ƙare ƙafar ta soma rawa, ta fi da can lalacewa.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga garin yau. Kekunan guragu sun ninka, na tsofaffin da aka gudo da su da na samarin da yaƙi ya raba da ƙafa, kowane keke da ƙirarsa, yawancinsu babu lamba. Shagunan Khartoum da yake aika sabulu kuwa sai labari. Ina jin tsaki zai yi, ya aika a sayo sabulu da yawa.

Abin da na yi ke nan ni ma. Ƙafar hagu tana nan da nata na asali. Na sa aka kara mini bulo, aka fitar da boris ɗaya, na danna shi a sabulu da hannuna, aka mayar. Wani direba mai kai dawa Kassala ya tafi da sabulun. Ya zaga har ya gaji, guda biyu rak ya samo, na ƙafa ɗaya ke nan.

Wannan karon gida na kira mai gyara, wani dattijon usta, wato gwanin sana'a, da ya baro shagonsa a Omdurman. Ya dube ni ya ce, "Ya Haja, sai kin sauka tukuna."

Na ce, "Ya usta, kalas, na sauka sau ɗaya ya ishe ni. Ga bulo nan."

Sai ya tsuguna. Ya yanko bututu daidai da na hagu, ya zaunar da boris a hankali ta gefen waje, babu bugun hauka. Yana aiki yana ba ni labarin mahaifiyarsa da suka turo a baro tun daga Madani. Da ya gama ya ce ta hagun ma kwananta ya kusa, irinta kuwa ma fi, babu a kasuwa.

Ranar kai amarya da hannuna na tura kaina. Ƙafar dama tana tafiya lafiya, ta hagu tana ja tana kuka, na riƙa gyara hanya har kafaɗata ta yi tsami. Da na shiga ɗakin, Sa'adiyya tana lulluɓe ba ta ganina, amma ta ji ƙarar. Ta miƙo hannu ta lalubi nawa, ta ce a hankali, "Gwaggo, da Baba na nan da keken nan bai yi kuka ba." Sai muka taya keken kuka.

Yaya bai bar shago ba, rumfarsa ma yanzu wata mai shayi ke ciki. Idan aka tambaye ni me ya bari, amsata gajera ce. Ya bar mini sanin cewa ana iya gyara wa mutum ƙafa ba tare da an ajiye shi a ƙasa ba, kuma da wannan na kai 'yarsa ɗakinta. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ni dai na gaji, kuma ƙafar hagu ba za ta kai damina ba.