Malam Lawali, Wanda Ya Bi Mu Har Gonakinmu

Malam Lawali ya rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni, ina tsaye bakin rumfata a kasuwar Tsafe muna ja-in-ja da wani mai wake. Ɗiyarsa ce ta kira. Ta ce, "Baba Garba, Baba ya cika bayan asuba." Ban san sadda mudu ya suɓuce mini ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mai waken yana ta faɗin, "Alhaji, taya mana." Na ce masa ɗauki kayanka, yau ba ni da baki. Waɗanda suka san ni sun san ba ƙaramin abu ke rufe mini baki a kasuwa ba.

Tun ɗazu nake rubutawa ina gogewa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, malaminmu ne na aikin gona a kwaleji a Gusau, a shekarun nan da aka ba mu jiha, soja na kan mulki. Siriri ne, mai tabarau, ba ya ɗaga murya. In zai kira suna a aji, kowa sai ya sa masa Malam a gaba, don ya ce da yawanmu mun girme shi. Ni kaɗai ya ware. Ranar farko na shigo a makare da ƙaiƙayin dawa a wuyan riga, ya dube ni ya ce, "Dillali, shigo, ba a tashi kasuwar ba." Sunan ya bi ni har yau.

A zaurensa na unguwar Damba muke ajiye kekunanmu. Hajiyarsa ba ta taɓa barin mu hau hanya ba mu sha fura ba.

Amma ba wannan ke cina ba. Bari in gaya muku abin da mutumin nan ya yi, don yara da yawa sun ci abincinsa ba su sani ba.

Lokacin ni malamin firamare ne a Bungudu da takardar Gired Tu, ranar kasuwa kuma ina dillancin hatsi. Sai magana ta fara yawo cewa duk malamin da ba shi da NCE ya shirya ajiye alli. Mu da muka tsufa a aji, da mata da 'ya'ya, muka kwaso jiki muka zo Gusau neman kwas ɗin da aka ce za a buɗe wa irinmu. An ɗauki sunayenmu, an fara ɗan taɓa lakca, amma aka ce kwas bai zama kwas ba sai kwamitin kwaleji ya amince da manhaja, wato tsarin abin da za a koyar mako bayan mako, da inda za a yi shi, da wanda zai duba. Malam Lawali aka ɗora wa rubuta ta.

Nan gizo ya fara saƙa. Ƙa'ida ta ce darasin aikin gona sai da firatikal, firatikal kuma da damina, a gonar kwaleji, malami na tsaye a kai. Yaran da suka fito daga sakandare ba ruwansu. Mu kuwa albashi yau ya zo gobe ya ɓata, gona ce ke ci da gidajenmu. Wanda ya bar tasa da damina ya zo Gusau yana nome ta kwaleji, me zai zuba a rumbu da kaka? Wanda kuma ya tsaya tasa, aiki ya tafi.

Akwai Malam Mani na 'Yankuzo, dattijon ajinmu, gemu duk furfura. Ya miƙe ya ce, "Malam, zaɓa mini wadda za ta kashe ni, ni dai na kasa." Ya yi dariya. Shi kaɗai ya yi ta.

Malam Lawali ya je ya rubuta cewa kowa zai yi firatikal ɗinsa a gonarsa.

Aka dawo masa da takardar ta sha jan biro. Wai manufofin darasi ba su bi tsarin da ake so ba, awoyin lakca da na firatikal ba su haɗu ba, littattafan da ya jero sun tsufa. Ya zauna ya gyara, ya sake bugawa a tafireta da yatsu biyu. Aka sake dawo da ita, wannan karon da layi ɗaya tak: wa zai duba aikin? Aka kuma faɗa masa zama ɗaya ya rage kafin a tura takardu sama. In ba ta wuce ba, an soke kwas ɗin.

Ga hadari ya fara haɗuwa gabas. Mutane na gyaran gona, mu ba mu san ko mu fito da iri ko mu ɗaure tabarma mu nufi Gusau ba. Maiɗakina ta daina tambayata yadda ake ciki, sai dai ta dubi fuskata ta koma madafa.

Na sami Malam Lawali a gida bayan la'asar, yana gaban tafiretar nan. Na ce, "Malam, ilimi kam Allah Ya ba ka, amma ba ka san ciniki ba. Rubuta musu gonar kwaleji, su sa hannu, ransu ya yi fari. Mu kuma mu koma gonakinmu. Cikin wahalar man nan wa zai taso daga Gusau ya je 'Yankuzo ganin ƙwaƙwaf?"

Ya leƙo ni ta saman tabarau. "Wato in zuba masu mai kyau bisa, tsakuwa ƙasa."

"Ni ban ambaci tsakuwa ba."

"Abin da nis sa ma hannu, shi za ni koyarwa. Kawo wata, Dillali."

Na kawo wata. Na ce to ya cusa musu wani abu mai nauyi da gangan, kamar a ce za a kwashi ɗalibai a mota a kai su ganin madatsar ruwa. Su yanke wannan, su ji sun yi aiki, su bar mana namu. Mai saye in bai rage komai ba, ba ya jin ya saya.

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Wagga ta fi ta farko kunya, amma ita ma a'a." Ni dai har gobe ina ganin da ta yi aiki.

Da wayo ya ƙare, sai na koma roƙo. Ban taɓa roƙon namiji haka ba. Na ce, "Malam, don Allah. In aka sallame ni ban san da wace fuska zan shiga gida ba. Babbar ɗiyata ta ci jarrabawar shiga sakandare. Ka yi mana ko mene ne." Ya zare takardar da ke cikin tafireta, ya saka sabuwa.

Ranar zaman kwamiti muka taru ƙarƙashin dalbejiya kamar masu jiran hukunci. Ni kuwa kun san ni, na lallaɓa na raɓe jikin taga inda gilashi ya fashe.

Na ji shugaban kwamiti yana cewa, "Malam Lawali, ƙa'ida ba ta canza ba. Kowane firatikal sai idon malami. Gonaki kusan talatin, daga bayan Tsafe har Bungudu. Kwaleji ba ta da mota, ba ta da mai, ba ta da alawus. Wa zai bi su?"

"Ni."

Wani ya yi dariya. "Da me?"

"Da babur ɗina."

"Maganar baki ba ta shiga fayil, Malam."

"Ku duba shafi na ƙarshe. Sunana na nan."

Ina jin ana juya takarda. Can shugaban ya ce to shi ma zai ƙara nasa sharaɗin. Kowace gona sai an je ta da shuka, da noma, da kuma kafin girbi. In aka tsallake ko guda, ba mai gonar kaɗai ba, sakamakon ajin gaba ɗaya ya rushe. "Ka yarda?"

Malam Lawali ya ce, "Awo."

Na koma gindin dalbejiya na ce an sa hannu. Malam Mani ya faɗi ya yi sujada a kan ƙasa. Ni kam ban yi murna ba, don ni na ji sharaɗin da kunnena, kuma na san babur ɗin. Sai an tura shi yake tashi.

Ku da kuka yi wayo a lokacin kun tuna wahalar fetur. Mutum ya wuni a layi ya dawo da tanki a bushe. Malam ya bi layi, ya bi 'yan bumburutu. Muka ce za mu haɗa masa mai, ya ƙi. Ya ce, "In na sha manku, da wane hannu za ni ba ku maki?"

Haka ya yi ta ɓullowa a gonakinmu, taɓo har gwiwa, takardu cikin leda a ƙirjinsa. Ya tsuguna ya auna tazarar shuka da tafin hannu, ya tambaye ka dalilin da ya sa ka ja kunya haka ba haka ba. In aka kawo ɗumame ya ci, in babu ya sha ruwa ya wuce. Zagaye na farko ya wuce lafiya, na biyu ma haka.

Na ƙarshe ya faɗo tsakiyar marka, ruwa ba dare ba rana. Tawa ce gonar ƙarshe, tana ƙetaren gulbi daga Bungudu. Ranar Juma'a za a miƙa sakamako, shi kuma ya ce mini Laraba yana tafe.

Laraba na wuni a gona. Shiru.

Alhamis da hantsi wani direban motar Tsafe ya aiko mini da saƙo: Malam ya zame a hanyar 'Yankuzo, babur ya danne masa ƙafa, an kai shi wajen mai ɗori.

Na zauna kan kunya na rasa abin da ke mini daɗi. Mutum kusan talatin, da iyalansu, da duk wahalar damina, ga shi komai ya zo ya tsaya a kan gonata. Ba waya lokacin, ba wanda zan kira. Na yi kuka, ba na ɓoyewa. Daga baya na tashi na tuge karan gero da na dawa har da saiwa, na ɗaure, na aza a ka. Na ce in Malam ba zai iya zuwa gona ba, gona za ta je wurinsa, ko a gadon ɗori ne ya duba ya sa hannu.

Ina isowa bakin gulbi sai ga kwalekwale yana matsowa, ruwa ya yi ja yana ta kumfa. Malam Mani ne a gaba. Bayansa Malam Lawali a kishingiɗe, ƙafa a miƙe an ɗaure ta da karare da tsumma, fuskarsa ta yi fari fat. Dattijon nan mai furfura shi ya goyo shi ya fito da shi tudu.

Na sauke damin a gabansa. Na ce, "Malam, ga gonar na kawo maka rabin hanya. Duba nan, ka koma ka kwanta."

Ya ce, "A tsaye munka rubuta za a gan ta. Nemo jaki."

Na aro jaki. Muka aza shi, ina ja, Malam Mani na tallafe da ƙafar. Duk inda jakin ya yi tuntuɓe sai in ji ya ja numfashi ta haƙora, amma layi-layi ya bi gonar nan. Akwai wata kusurwa ta yamma da ciyawar wuta-wuta ta cinye mini dawa, sai na riƙa karkata akalar gabas a hankali.

"Dillali."

"Na'am, Malam."

"Juya jakin can."

Ya ba ni C.

Na ce, "Haba Malam! Duk wannan azaba ka sha don ka zo ka ba ni C?"

Ya ce, "Don in ba ka ita da idona."

Takardu suka isa ranar Juma'a. Ba wanda aka sallama a cikinmu. Da aikin nan na yi ritaya, ɗiyar tawa kuma yau ita ke karɓar haihuwa a asibiti. Amma ɗorin ya goce a wannan tafiya, ƙafar ba ta sake miƙewa daidai ba. Da ɗingishi ya ƙarasa aikinsa, da sanda ya tsufa.

Ganina da shi na ƙarshe bayan Babbar Sallah ne, a zauren nan na Damba. Yana kwance kan tabarma, murya ta yi ƙasa. Ya riƙa kiran 'yan ajinmu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya wa ke raye. Da ya zo kan Malam Mani na ce ai ya riga mu gidan gaskiya.

Da zan tashi na kama hannunsa. Abin da na shekara da shekaru ina son faɗi ya fito. Na ce, "Malam, ka yafe mana ƙafar nan."

Ya ce, "Ba ku kunka rubuta ba, Garba. Ni nir rubuta."

Ranar ce kaɗai ya kira ni da sunana.

Za a yi masa sallah bayan azahar a ƙofar gidansa. Na rufe rumfa, ina tasha yanzu.

Ya Allah, bawanKa Lawali ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Yadda ya taka taɓo ya ƙetare ruwa don kada gidajenmu su kwana da yunwa, Ka ƙetarar da shi Siraɗi da ƙafa lafiyayya, Ka sauke shi a Aljannar Firdausi. Ka ba Hajiya da yara haƙurin rashinsa.

'Yan ajinmu da suka rage, na Tsafe da na Bungudu da na ƙauyuka, ku gaya wa 'ya'yanku su ɗaga hannu. Kai ma da kake karantawa, ko ba ka taɓa ganinsa ba, don Allah kada ka wuce haka nan. Tsaya ka roƙa masa gafara.