Nu'uman Harisu da Motar da Ya Ƙera a Daura

Haihuwa da Nasaba

An haifi Malam Nu'uman Harisu a shekarar 1961 a birnin Daura. Mahaifinsa Harisu maƙeri ne, mahaifiyarsa kuwa Haulatu 'yar garin Mashi ce.

Karatu da Sana'a

Ya sauke Alƙur'ani yana ɗan shekara goma sha uku, ya kammala firamare a 1975, amma bai wuce nan ba saboda rasuwar mahaifinsa. Ya koyi kanikanci da walda a Kano tsawon shekara bakwai, sannan ya dawo gida a 1983, inda ya mayar da zauren gidansu gareji yana gyaran babura da injinan ban-ruwa.

Aure

A 1986 ya auri Kubura, 'yar wani mai sayar da dabbobi a Mai'adua, wadda ita kaɗai ya zauna da ita har ƙarshen rayuwarsa.

Ƙirar Mota

Bayan ƙaddamar da Shari'a a shekarar 2000, malamai suka yawaita wa'azi a kan hawan mata bayan 'yan acaɓa, alhali matan ƙauyuka ba su da wani abin hawa zuwa asibiti. Wannan ya sa Malam Nu'uman ya ƙudura azamar ƙera ƙaramar mota mai ɗaukar mutum huɗu, wadda za ta iya ratsa rairayi. Ya haɗa ƙashinta da bututun ƙarfe, ya buge gangunan mai ya yi mata jiki, ya ɗora mata injin ban-ruwa da ya sauya wa fasali. Sau biyu giyar motar tana karyewa. A 2003 tartsatsin walda ya lalata masa idon hagu, maƙwabta kuma suka laƙaba masa sunan Bature, ba don yabo ba. Ranar wata Juma'a ta 2006 motar ta tashi, ya ɗauki Kubura ya kai ta Mai'adua suka dawo lafiya.

Rabuwa da Motar

A 2007 wani jami'i mai suna Mainasara ya nemi aron motar domin baje koli a Katsina, da alƙawarin dawo da ita cikin mako guda. A wurin bikin aka gabatar da ita a matsayin aikin wata cibiyar koyon sana'a da jami'in yake jagoranta, aka kuma ba shi lambar yabo, alhali maƙerinta yana tsaye a bakin ƙofa, an hana shi shiga don ba shi da katin gayyata. Shekara huɗu yana kai kuka ofis-ofis, kullum a ce ya dawo wani mako. A 2011 ya same ta a bayan cibiyar, babu taya, babu inji, kaji suna ƙwai a kujerar direba. Mai gadi ya tambaye shi ko zai ɗauka, ya ce, "Bar musu. Kajin dai sun san amfaninta."

Ƙarshen Rayuwa

Bai sake ƙera komai ba. Ya koma facin taya a bakin tasha har 2014, lokacin da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Sa'ad da ɗansa Jibril ya nemi izinin buɗe garejin, ya amsa masa da cewa, "Ka nemi sana'ar da ba a raba ta da mai ita." Daga nan ya sa aka toshe ƙofar garejin da bulo.

Wafati

Allah Ya karɓi ransa ranar Talata, 9 ga Mayu, 2017, yana da shekara hamsin da shida. An yi masa salla bayan La'asar a ƙofar gidansa, aka binne shi a maƙabartar unguwarsu. Ya bar matarsa Kubura da 'ya'ya biyar: Jibril, mai sayar da hatsi, Siddiƙa, ungozoma, Mahdi, malamin Islamiyya, Zaituna da Hasana, matan aure. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa riƙe sufana. Allah Ya gafarta masa, Ya bi masa hakkinsa.