Harsashin da Iya ta zuba wa ɓauna

In an ba mu dogon hutu, Baba kwashe mu yake daga Katsina ya kai mu Barkiya wajen mahaifiyarsa. Iya muke ce mata. Ba lantarki, ba talabijin. Da an yi magariba an ci tuwo, sai mu kewaye murhunta a tsakar gida tana gasa mana masara da sauran garwashin girki. Hayaƙi na shiga ido, sauro na cizo, amma ba mai tashi.

Ni ta fi tsokana. "Mijina, matso nan. Ko masarar ma sai na tauna maka?"

Galibi tatsuniyar aljanu da namun daji take mana. Ran nan ƙanwata Hauwa ta ce a yi ta aljanu, sai Iya ta ce, "Yau ba ƙarya. Ga ta nan, amma wagga ta faru, a gidan ga ma."

Muka ce to ta zo, ko gaskiyar ce mu ji ta.

Tun Turawa ba su tafi ba ne, ita tana amarya-amarya. Kakanmu manomi ne, amma da rani harbi yake. Ba ta taɓa faɗin sunansa, sai dai "kakanku". Bindigarsa adaka ce, irin wadda ake ce wa harba-ruga: ta baki ake ɗura albarushi, a sa harsashi, a danna da sanda. Harbi ɗaya take yi. In ka harba ba ka samu ba, sauran aikin na ƙafafunka ne.

Harsashin kuwa Iya ke zuba masa. Ita 'yar maƙera ce daga Shema, a bakin zugazugi ta tashi. Takan narka dalma a tsohon kasko kan murhu. Akwai ƙanana kamar ƙwayar dawa, na zabi. Akwai kamar gujiya, na barewa. Akwai kuma guda ɗaya daidai bakin bindiga, na gwanki. Bindigar kuwa madaidaiciya ce, ba babba ba, ba ƙarama ba.

To a shekarar sai wata ɓauna ta ɓullo daga dajin yamma, ita kaɗai. Wani ya harbe ta a fuska da harsashin zabi. Bai kashe ta ba, sai ya haukata ta. Ta zauna a kurmin bakin rafi inda mata ke ɗiban ruwa, Fulani ke shayarwa. Ta farke wa Fulani sa, ta kori mata har suka zubar da tuluna. Mai gari ya aiko ya ce kakanmu ya san yadda zai yi da ita.

"Kun san mi ake nufi da hakan?" in ji Iya. "Shi ɗaya, harbi ɗaya. In harsashin bai shiga ba, ni za a yi ma gaisuwa."

Ƙanen kakanmu, Baba Iro, shi ya fara kawo shawara. Ya shigo da wani guntun ƙarfe mai kauri, ya ce a buga shi cikin bindiga ko da guduma ne, a ninka albarushi. Babbar dabba ai sai babban harsashi.

Iya ta ce ta dube shi ta ce, "Iro, so kake bindiga ta fashe a hannun yayanka ka gaje ni? Ba ka samu ba."

"Haba matarmu, wa zai gaji masifa? To ke mi kika gani?"

Ta ce kauri ba nata ba ne, bakin bindiga ya riga ya yanke wannan. Abin da ya rage mata tsawo ne da tauri. Dalma zalla taushi gare ta. A jikin barewa taushin nan alheri ne, tana shiga tana bajewa. Amma in ta gamu da fatar ɓauna da ƙashin kafaɗa, a waje za ta baje kamar an taka tuwo. Sai an gauraya ta da kuza ta yi tauri, a kuma ƙara mata tsawo ta yi nauyi, yadda za ta huda ta wuce ciki.

Ranar kasuwar Dutsin-Ma kakanmu ya taka ya sayo kuza wajen masu liƙin kwanoni. Ita kuma ta kwaɓa laka, ta huda ramuka da kara daidai bakin bindigar, ta zurfafa su fiye da na gwanki, ta shanya suka bushe ƙayau. Ta ce dalma in ta ji danshi tsalle take, sai ta nuna mana wani tabo a bayan hannunta.

Ta zuba da dama. Wani ya fito da rami a gindi, ta mayar kasko. Wani ya karkace, ta mayar. Waɗanda suka rage ta riƙa ɗaukarsu ɗaya-ɗaya tana aunawa a tafin hannu, tana mirgina su kan dutsen niƙa, tana zura su a bakin bindiga ta ji ko suna lilo. Har ta tsaya kan guda.

Washegari da kakanmu ya dawo daga sallar asuba ya miƙo hannu, ta aza masa. Ya ɗura albarushi, ya zura harsashin, ya danna, duk yana mata maganar akuyar maƙwabta da ta ci masa danga.

"Na ce mashi, ba ka dubawa? Sai ya ce mani, ke ba ki duba ba? Ya saɓa bindiga ya fita, Iro na biye."

Nan Hauwa ta ce, "Iya, sai ya harbe ta?"

"Ina na sani? Ina can ne?"

Ita abin da ta sani shi ne ta kama daka, amma in ta buga taɓarya sai ta tsaya ta kasa kunne. Har ta leƙa katanga ta roƙi maƙwabciya ita ma ta dakata da nata. Da hantsi aka ji ƙarar, dum, sau ɗaya. Irin wannan bindiga kuwa ƙararta ba ta gaya maka komai, ko an samu ko an kuskure sau ɗaya za ka ji. Ta zauna gefen turmi. Hatsin na nan kaji suka yi ta ci, ba ta kore su ba.

Sai wajen azahar ga Baba Iro ya shigo ba hula, takalmi ƙafa ɗaya. Bai ce mata komai ba sai, "Matarmu, ina wuƙaƙe? A nemo jakuna."

Daga baya ta ji yadda aka yi. Kakanmu ya sami ɓaunar a kafaɗa. Ba ta faɗi ba, ta yo kansa. Ya yar da bindiga ya haye kanya. Ta tunkuyi itacen, ta kewaya, ta sake tunkuya, sannan ta durƙusa. Da aka feɗe, an iske harsashin ya fasa ƙashi ya ratsa ƙirji, ya tsaya ƙarƙashin fata ta ɗaya gefen, ɗan lanƙwasa kawai ya yi. A fuskarta kuwa ga ƙananan nan na zabi birjik, sun yi ruwa.

Liman ya tambaya ko an yi bisimilla kafin harbi. Kakanmu ya ce ya yi. Baba Iro ya ce shi dai salati ya ji, shi ma daga saman kanya.

"Ƙurunƙus," in ji Iya. "Yau ba kan ɓera ba, kan ɓauna. Mijina, ka bar masararka ta ƙone."

Washegari muka yi wasan labarin a bayan gida. Kowa yana son ya zama kakanmu, an samu mai zama ɓauna, har Baba Iro an samu. Ba wanda ya ce zai zama Iya. Mu a ganinmu ba abin da ta yi, zama kawai ta yi a gida.

Yanzu a shagon magani nake aiki a Katsina. Mace za ta shigo da yaro jikinsa zafi rau, ta miƙo abin da likita ya rubuta, in ɗauko in sa a leda. Abin da take tambaya kawai, "Sau nawa zan ba shi?" Ta ƙulle a gefen mayafi ta fita. Ba ta juya kwalin ba, ko ta juya ba lallai ta gane ba. Maganin nan kuwa akwai na babba, akwai na yaro, kwalinsu kusan ɗaya.

Mai shagon yana cewa ina da nawa, masu jira su yi ta tsaki. Ina jin su. Sai na sake zaro kwalin daga leda na karanta, na dubi yaron, sannan in miƙa.