Ranar da Na Yi Musun Gwaggona a Filin Majigi

A zamanin Turawa ni saurayi ne malamin gona na En'e, wato hukumar sarki, an tura ni aiki Babura. Ina da keke, ina da alƙalami a aljihun gaba, ina ganin duk ƙasar Kazaure babu wayayye kamata. Uwata ta rasu tun ina goye, ƙanwar mahaifina ce ta raine ni a Roni. Ita ta yaye ni, ita ta kai ni makaranta, ban san wata uwa ba sai ita. A kanta ne na yi kuskuren da nake so in faɗa wa masu karatu.

Gwaggona gwanar wasan gauta ce, wasan nan da mata ke yi bayan kaka suna kwaikwayon manyan gari. Takan ɗaura rawani ta zama alƙali, ta yi irin tarinsa da yadda yake gyangyaɗi ana tsakiyar shari'a. Takan kife ƙwarya a ka ta zama Di'o, Baturen mulki, tana Hausa ta hanci. Har daga Gwiwa da Achilafiya mata ke zuwa kallonta, kuma waɗanda take kwaikwaya su suka fi kowa dariya. Da masu majigi suka zo neman matar da za ta fito a fim na lambar rigakafin agana, hakimi da kansa ya ce a kira ta. Suka ba ta matsayin tsohuwa mai taurin kai, wadda ke ɓoye jikokinta a rumbu don kada a yi musu lamba.

Lokacin da motar majigi ta iso Babura ina neman aure a gidan wani attajirin hatsi. Bayan magariba aka kafa farin ƙyalle a bakin kasuwa, na zauna kusa da yayyen yarinyar. Sai ga gwaggona ta cika ƙyallen, da tsumman zane, tana zare ido, tana korar malamin lamba da muciya. Ba a jin muryarta, wani mutum ne ke bayani ta lasifika, amma fuskarta kaɗai ta ishi mutane. Fili ya kaure da dariya, ana kiranta jahilar tsohuwa. Babban wan yarinyar ya juyo ya ce ai ya ji 'yar Roni ce, ko na san ta? Na ce na san ta sama-sama, wata maƙwabciyarmu ce da ba ta da cikakken hankali. Na tashi na bar wurin tun ba a kai rabin fim ba.

Ban tsaya nan ba. Na hau keke har Roni na ce mata tana zubar mini da mutunci, ta daina wannan shirme, kuma kada ta zo bikina. Tana tankaɗe a tsakar gida, ba ta ɗago ba. Ta ce to, ɗan nan, in dai wasan ne ke hana ka sukuni ta bari. Ta tambaye ni ko na ci abinci. Daga baya na ji masu majigi sun dawo har sau biyu suna so su tafi da ita Kaduna ta yi wani fim, ta ce musu ɗanta bai yarda ba. Kaka uku aka yi wasan gauta a Roni tana cikin ɗaki.

Aka yi bikin babu ita. Surukata ce ta warware ni. Wata rana ana hirar agana da ta yi ɓarna a wani ƙauye, ta ce ita a da ba ta yarda da lamba ba ko kaɗan, sai da ta ga tsohuwar majigi. Ta ce a ƙarshen fim, inda tsohuwar ta buɗe rumbu ta tarar da jikanta ya kamu, ta durƙusa ta rungume shi, duk matan da ke wurin sun yi kuka, kuma washegari ta kwashi 'ya'yanta ta kai su aka yi musu. Ta ce da za ta ga matar nan da ta gode mata. Matata na zaune, ga tabon lamba a damtsenta. Na rasa inda zan sa kaina. A nan na faɗa musu gaskiya.

Muka tafi Roni mu uku, ni da matata da surukata. Na durƙusa a gaban gwaggona zan fara ba da haƙuri, sai ta ce in dakata. Ashe maganar da na yi a Babura ta daɗe da iso ta. Ta shiga ɗaki ta fito da hular mijinta, ta soke tsinke a ƙirji kamar alƙalami, ta ɗaga hanci, ta yi tafiyata sak, ta ce da irin muryata: "Wata maƙwabciyarmu ce, ba ta da cikakken hankali." Matan gida suka faɗi ƙasa don dariya, har surukata. Ni ma na yi dariya, hawaye na zuba. Ta cire hular ta dafa kaina ta ce: "Tashi, ɗan nan. Na rama, magana ta ƙare."

Ta koma wasa a kakar nan, amma ƙafa ta riga ta fara ba ta ciwo, sau biyu kawai ta ƙara yi Allah Ya karɓi abinsa. Masu majigi ba su sake dawowa ba. Na nemi fim ɗin har Kano da Kaduna ban same shi ba. Mutanen ƙasar nan da yawa sun ga ƙarshensa, ni da ta goya ban gani ba.

Abin da na koya shi ne, kunyar da na ji ba tata ba ce, girman kaina ne. Ita ta yafe mini, amma shekarun da na hana ta abin da Allah Ya ba ta ba su dawo ba. Ina roƙon matasa, musamman waɗanda suka yi boko: in kuna da wani a gida mai wata baiwa da kuke ganin ba ta dace da matsayinku ba, ku zauna ku kalla har ƙarshe kafin ku yanke hukunci. Wanda ya karanta wannan kuma, don Allah ya sa gwaggona a addu'a.