Zinaren Traudl a Bangon Baƙin Sa

Ottmar Zenglein ya yi shekara hamsin yana rubuta sunayen shaguna a wani ɗan gari na yankin Franken. Rubutu ɗaya hannunsa ya sani, Fraktur, tsohon salon rubutun Jamusawa, mai kaurin jiki da karye-karye da ƙahoni. Shi ke zana baƙaƙen, matarsa Traudl ta bi su da ganyen zinare. Kafin ta ɗauki ganye sai ta goga burushi a kumatunta, don maiƙon fata ya kama zinaren.

Bayan rasuwarta shagunan suka yi ta sauya hannu, ana shafe aikinsu ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura sunan gidan giya na Baƙin Sa, wato baƙin bijimi, wanda suka rubuta a jikin bangon kansa. Kullum Ottmar kan zauna a bencin da ke kallonsa.

Ran nan Corinna, wadda ta gāji gidan daga ubanta, ta tsallako titi ta same shi.

"Kawu Ottmar, kada ka ji a bakin wani. Ran Litinin za a kankare rubutun bangon nan."

"Me ya yi miki, 'yar nan?"

"Baƙi ba sa iya karantawa. Jiya ma wani da ya ga rubutun ya tambaye ni ko nan 'yan Nazi ke taro."

"'Yan Nazi? Su fa suka hana rubutun nan! Kuɗin makarantarki dai an yi asara."

"To zo ka tsaya bakin ƙofa kana yi wa kowa bayani, ga kujera, ga giya kyauta."

Bai yi dariya ba. Abu ɗaya ya roƙa, kada a kawo masu inji, shi zai kankare da hannunsa. A ransa yana so ya ɓamɓaro harafin farko ɗungurungum ya kai gida.

Litinin da safe ya hau tsani, ya sa wuƙa a hankali ta bayan harafin. Amma shafen bangon ya riga ya ruɓe. Da ya taɓa sai ya zube ya zama gari, zinaren kuma, da bai kai fatar albasa kauri ba, ya bi shi. Ya gwada harafi na biyu, da na uku. Kafin tsakar rana bango ya yi fes, tafin hannunsa cike da farar ƙasa.

Corinna ta fito masa da tsiren alade da burodi. Ya sauko, ya daɗe yana kakkaɓe riga.

"Sabon sunan fa?" in ji shi. "Ko wane iri kike so, zan koya."

Ta sunkuyar da kai. "An riga an yo shi, Kawu. Na roba ne, mai fitila."

Ya ce to, ya naɗe tsaninsa.