Kiɗan da Baba ya kulle a akwati

Mahaifina ya yi fiye da rabin rayuwarsa yana tara kiɗan da bai taɓa ji da kunnensa ba. Duk wanda na faɗa wa haka sai ya dube ni kamar na zautu, amma haka abin yake.

Shi ne mai kaɗa armoniyom a majami'armu ta Dogon Dutsi, wani akwatin kiɗa na katako da ake taka masa iska da ƙafa, ana danna shi da yatsu. Wani mompe, wato limamin majami'a Bature, ya koya masa tun yana saurayi, ya kuma koya masa karatun rubutun kiɗa: layuka biyar a jere, da ɗige-ɗige masu wutsiya suna hawa suna sauka a kansu. Da mompen zai koma ƙasarsu sai ya bar masa wasu tsofaffin takardu masu irin wannan rubutu, amma ba na waƙoƙin ibada ba. Kiɗan da ake buɗe finafinan dā da shi ne, na zamanin da hoto ba shi da launi. Daga nan ciwon tara irinsu ya kama Baba.

In ya je Yamai, kafin ya gai da dangi sai ya bi ta wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa. Ya taɓa sayen tsire ba don yunwa ba, sai don ya hango layukan nan biyar a takardar da ake naɗe naman. Ya dawo gida yana barbaɗa mata toka ta tsotse mai, Inna kuwa ta yi ta yi masa tsiya a kan wannan har ta koma ga Allah. Finafinan, in ka cire ƴan kaɗan da ya gani a silima da ƙuruciya, bai san ko ɗaya ba. Hoton bangon takardar kawai yake kallo, mace da faffaɗar hula ko namiji a bakin jirgin ruwa, ya ƙirƙira musu labari da kansa.

Abin da ya hana shi jin su shi ne tsantseni. Armoniyom na majami'a ne, shi kuma ya ce ba a kiɗan silima a ɗakin Ubangiji. A gida ba mu da abin kiɗa, murya kuwa Allah bai ba shi ba, in ya rera waƙa har kaji watsewa suke yi. Sai ya zauna a gindin bishiyar bedi da la'asar, takarda a gwiwa, yatsunsa suna tafiya a kan cinya. In na tambaye shi ko da daɗi, sai ya ce, "Bari dai, ɗiyata. Ranar da nis samu nawa, ki ji."

Ranar ta zo a makare. Majami'a ta sayi sabon abin kiɗa na lantarki, wanda samari ke kaɗawa da ka ba ruwansu da takarda, aka ba Baba tsohon kyauta. A amalanken jaki aka kawo shi. Lokacin ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, ta cikin gari, na dawo gida na zauna da shi bayan rasuwar Inna. Na yi zaton a ranar zai cika unguwa da kiɗa. Sai na ga ya buɗe akwatinsa na ƙarfe, ya ɗauko takarda ya jingina ta a kife, ƙasa a sama, ya zura mata ido. Ashe ya daɗe yana ɓoye mana. A asibiti likita ya ce ruwan cikin idon ne ya yi yawa ya kashe jijiya, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a ɗiga magani a tsare saura. Sauran ma bai tsaru ba. Kafin kaka ta zagayo Baba ba ya bambanta ni da ƙofa.

A nan Gwaggo ta zo, yayarsa, daga ƙauyensu na wajen Lugu. Ita ta goya shi yana jariri, ita kuma ba ta taɓa barin hanyar iskoki ba, ba ta bi masallaci ba, ba ta bi majami'a ba. Ni da ita ba ma shan inuwa ɗaya. Tana ganina ƴar boko mai tsaurin ido, ni kuwa ina ganin ta cika shiga abin da ba a sa ta ba. Ta tarar da shi yana shafa takardun nan ɗaya bayan ɗaya, ta tambaye shi mene ne.

"Kiɗi na, Yaya," in ji shi.

"Kiɗin wa?"

"Na silima."

"Ni ba silima nit tambaye ka ba. Na ce kiɗin wa. Akwai kiɗin da ba shi da mai shi?"

A wurin masu bin iskoki kowane iska da takensa, in mai goge ya ja shi, mai shi ya ji ya zo. Da Baba ya bayyana mata cewa ba a taɓa kaɗa waɗannan ba tun da suka shigo gidan, sai ta dafe ƙirji.

"Auta, kai ka kama kiɗin mutane ka kulle cikin ƙarhe shekara da shekaru? Ba ka kira su ba, ba ka sallame su ba? To ai su sunka rufe maka ido, yadda kar rufe su cikin duhu."

Maganinta shi ne a kaɗa kowane ɗaya har ƙarshe, sannan a kai takardar a ajiye a suri bayan dutse, gara ta cinye, mai ita ya kama hanyar gida. Na ji wuta ta taso mini har ka. Na ce mata likita ya riga ya faɗi abin da ke damun idon, takardun nan kuwa sai dai in ba na numfashi za a ba gara. Baba ya yi dariya ya raba mu. Ya ce ya karɓi rabin maganin, rabin kaɗawa, in dai zan ara masa idona.

Haka muka fara. Ya koya mini yadda zan faɗa masa abin da na gani. In na taso daga lakwal sai in zauna kusa da shi in ce, baƙi mai wutsiya a layi na biyu, fari a tsakanin na uku da na huɗu. Shi kuma ya laluba ya danna, ya ce in maimaita, ya yi mini faɗa in na tsallake, har ya haɗa su a kansa ya ja su a jere. Gaskiya abin da ke fitowa ɗingishi yake yi, da hannu ɗaya, ga armoniyom ɗin yana huci kamar tsohon jaki a hawan tudu. Amma ranar da na farko ya fito cikakke, wani kiɗa mai sanyi da ke hawa a hankali ya sauko, na ga hawaye suna zuba daga idanun nan da suka mutu. Ban taɓa jin abin da ya kai shi daɗi ba, ban kuma taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba. Gwaggo tana kan tabarma tana gyaɗa kai, ta ce wannan mace ce, kuma ta daɗe tana fushi.

Mun yi nisa kafin in lura akwatin yana raguwa. Na nemi takarda ta farko da muka kaɗa ban gan ta ba, na nemi ta tsiren nan mai tabon mai, babu. Na fita tsakar gida na tsaya a kan Gwaggo tana tankaɗe, na faɗa mata maganganun da ba a faɗa wa babba. Ba ta ko ɗaga kai ba. Daga ɗaki Baba ya kira ni.

"Ƙyale ta. Ni nab ba ta."

Na je na tsaya a bakin ƙofarsa.

"Na yi addu'a, na ɗiga magani," in ji shi. "Yaya ba ta taɓa yi min ƙarya ba. In ta yi daidai, in sake ganin huskarki. In ba ta yi ba, takardar da ba ni gani mi za ta yi min?" Sai ya sassauta murya. "Kada mutanen majami'a su ji."

Wannan roƙon ya fi ɓatan takardun yi mini ciwo. Mutumin da ya tsufa yana jan jama'a waƙar ibada, yau ga shi yana jin kunyar ɗiyarsa saboda yana son ya gani. Na ce to a bar ni in kai a yi fotokofi, ko in ɗauki sautin a waya. Gwaggo ta ce wato in fidda su daga babban akwati in kulle su a ƙarami. Baba ya ce in za a yi abu a yi shi duka.

Na ci gaba da karanta masa. Ban yarda da maganar Gwaggo ba ko na rana ɗaya, har yau ban yarda ba, amma ba ni da zuciyar da zan ƙwace masa abin da yake riƙe da shi. Kowane kiɗa muka gama, ya kan kaɗa shi sau biyu ko uku, ya shafa takardar, ya miƙa hannu gefe. Gwaggo ta karɓa da hannu biyu, ta sa a ƙwarya ta rufe da faifai, ta fita. Ba na raka ta. Wasu na riƙe ɗan farkonsu a kaina na ƴan kwanaki, daga baya suka gauraye da juna suka bi iska.

Ta ƙarshe gajeriya ce, shafi ɗaya, bangonta ma ya yage tun kafin ya same ta. Baba ya kaɗa ta har yamma ta yi, ya miƙa. Ya sa hannu cikin akwatin ya shafa gindinsa kusurwa zuwa kusurwa, ya rufe. Gwaggo ta dawo daga bayan dutse ƙafafunta duk jar ƙasa, ta ce masa an sallami kowa, ya kwanta da alheri, gobe sai labari.

Washegari na makara ban tashi da wuri ba. Da na fito na same shi ya riga ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta Lahadi, ya laluba ya jawo kujera tsakar gida ya zauna yana fuskantar gabas, idanu a buɗe. Gwaggo tana tsaye a bakin madafa, ta toshe bakinta da gefen zane. Rana ta riga ta ɗaga, tana dukan fuskarsa har gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya ji motsina ya juyo.

"Ɗiyata," ya ce, "da saura gari shi waye?"